Mutari Ya Tafi, Ya Bar Ni da Guduma

Bana shekara tara ke nan da rasuwar abokina Mutari, wanda mutanen Matameye suka fi sani da Mushe Mutari, wato Malam Mutari da Faransanci, saboda daɗewar da ya yi yana koyarwa a lakwal, makarantar boko. Na san yadda ake irin wannan rubutu. Akan ce marigayi mutum ne mai haƙuri, mai jin shawara, wanda bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ni dai ba zan iya ba. Mutari ba ya jin shawara, kuma ya ɓata mini rai fiye da duk wani mutum da na taɓa zama da shi. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, amma har yau in na tuna wasu abubuwan da ya jawo mini sai in ji tsaki ya kuɓuce mini. Iyalinsa sun san da haka, kuma da izininsu nake wannan rubutu.

Sunana Isufu, a gidan maƙera aka haife ni. Mahaifinmu maƙeri ne, kakanmu ma haka. Lokacin da aka zo ɗaukar yara lakwal, Baba ya dube mu ni da yayana Ilu, ya ga dantsen Ilu ya fi nawa kauri, sai ya ba da ni. A benci ɗaya aka zaunar da ni da Mutari, ɗan wani attajiri mai sayar da yadi a kasuwa. In na shigo aji yara sukan toshe hanci, wai ina warin hayaƙi, har suka laƙaba mini suna Gawayi. Mutari kaɗai ne bai taɓa kirana haka ba. Tun a wannan bencin na ƙudura a raina cewa in Allah ya sa na yi karatu, hannuna ya bar guduma har abada. Allah kuwa ya amsa. Na yi aikin gidan waya a Damagaram sama da shekara talatin, farar riga, farcena tas, ba wanda zai kalle ni ya ce na san hanyar maƙera.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun yanzu, don ba ya cikin abubuwan da nake alfahari da su. Ina cikin aiki na gina gidan siminti a rabona na filin gidanmu. Rumfar ƙirar Yaya Ilu tana manne da katangata, a daidai wurin da Kaka ya kafa ta. Wata rana na ce wa Ilu hayaƙi yana ɓata mini fenti, ƙarar guduma kuma tana hana baƙina hira. Washegari ya tono uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake ɗora aiki a kai ana duka, ya ɗora ta a amalanke da sauran kayansa, ya koma bayan kasuwa ya kafa wata rumfar. Daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, a wurin suna ko jana'iza. Muka shekara goma sha ɗaya a haka.

Ni da Mutari kusan lokaci ɗaya muka ajiye aiki muka dawo gida. Na sa rai za mu tsufa kamar kowa, a shimfiɗa tabarma a gindin bedi, a dafa shayi, a saurari rediyo, a yi musu kan farashin rake. Wata biyu kacal muka yi haka. Ranar nan da hantsi ya ajiye kofinsa ya ce, "Isufu, ka kai ni wurin Ilu. Ƙira nake so in koya."

Na yi dariya har na ƙware. Da na ga fuskarsa ba wasa, na ce, "An tsayar maka da kuɗin hutun ne?"

Ya ce, "Ba don sana'a ba. Sha'awa kawai. Shekara talatin da biyar ina rubutu a allo, da yamma a goge. Ina so in yi abin da za a riƙe a hannu."

Kalmar nan ta sha'awa ita ta fi ƙona mini rai. Abin da na kwashe rayuwata ina gudu, abin da yara suka toshe mini hanci dominsa, shi ne ɗan mai yadi zai ɗauka ya yi nishaɗi da shi. Na ce masa ya yi kiwon tantabaru, ko ya dasa mangwaro, ko ya koma makarantar dattawa ya ƙara karatun addini. Ya ce duk ya ji. Kwana goma yana zuwa da maganar, ni kuma ina kawar da ita. Da ya gaji ya tafi wurin Ilu shi kaɗai, ya dawo yana murmushi. Ilu ya yarda zai koya masa, amma da sharaɗi ɗaya: shi ba ya da mai yi wa baƙo zuga, sai dai Mushe ya zo da abokinsa ya zuga masa.

Na rantse ba zan je ba. Mutari ya ce to, zai riƙa zuwa ƙofar gidana kullum bayan asuba ya zauna har in fito. Wanda ya san shi ya san ba barazana ba ce. A rana ta huɗu mai ɗakina ta ce in tashi in bi shi, maƙwabta sun fara tambaya ko wani abu ya faru. Haka na tsinci kaina, ina da shekara sittin, zaune a ƙasa a rumfar yayana. Ilu yana da abin hura wuta na zamani, na ƙafar keke da ake juyawa da hannu ɗaya. Bai ba ni shi ba. Ya shiga cikin tarkace ya zaƙulo tsohon zuga-zugin fatar akuya na Baba, ya kakkaɓe shi, ya ajiye a gabana, ya ce, "Ka tuna yadda ake yi?" Ita ce jimla mafi tsawo da ya faɗa mini a shekara goma sha ɗaya.

Yanzu in mutane suka tambaye ni yadda ake fara koyon ƙira, sai in ce a duba duk abin da Mutari ya yi, a yi akasinsa. Ranar farko da farar shadda ya zo. Kafin azahar tartsatsi ya yi mata huji ya fi ashirin. Ilu bai bar shi ya taɓa guduma ba har sati biyu. Ya sa shi tsince gawayin ƙirya, yana farfasa shi daidai girman goro, sannan ya zauna ya kalli wuta. Ya nuna masa yadda ƙarfe ke fara ja kamar barkono, ya koma ruwan lemo, a nan ake fitar da shi a daka, in kuwa ya yi fari ya fara tartsatsi to ya ƙone. Mutari ya zo da kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, yana rubuta duk wannan. Abin haushin shi ne, ko da aka ba shi awartaki ya fara fitar da ƙarfe daga wuta, sai wata tambaya ta faɗo masa, ya ajiye aikin ya jawo kaye. Kafin ya gama rubutu ƙarfen ya huce. Ni kuma in sake zugawa.

"Me ya sa gawayin ƙirya ya fi na sauran itatuwa?"

"Haka muka tarar."

"Amma me ya sa?"

"Mushe, ƙarfenka ya huce."

Aikinsa na farko ƙusa ce, daga guntun rodi. Kwana uku ya yi a kanta, ta fito a lanƙwashe kamar ƙugiya. Yana riƙe guduma a wuya kamar yadda ake riƙe alli. In zai kai duka sai ya rufe ido, don haka rabin dukan a kan uwar maƙera yake sauka, ƙarar ta hau mini kai. In ƙarfe ya ƙi zuwa inda yake so, sai ya tsaya yana yi masa faɗa da Faransanci kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Masu kawo gyaran fartanya suka fara daɗewa a rumfar don kallo. Ilu kuwa, mutumin da ba ya haƙuri da 'ya'yan cikinsa, sai ya gyara masa riƙo a hankali ya ce, "Sake." Ni ne kaɗai nake tafasa.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce Mushe ya taɓu, wasu suka ce an yi masa wani abu. Yayarsa ta taso tun daga Kurni ta zo ta yi masa kuka, wai zai tozarta sunan mahaifinsu. Matarsa, Hajiya Rabi, ba ta je wurin Ilu ba, wurina ta zo. Ta shimfiɗa riguna uku a tsakar gidana, duk a ƙone, ta ce, "Malam Isufu, ku ne masu abin. Kai ka ja shi." Na rasa ta inda zan fara yi mata bayani. Ni da aka jawo da ƙarfi, ni ne kuma mai laifi.

Su ma maƙeran garin ba su ji daɗi ba. Ƙira gado ce, ba a saba ganin an buɗe wa ɗan wani gida ita ba. Sarkin maƙera ya aiko aka kira Ilu, ya tambaye shi dalili. Ilu ya ce ba zai yi dogon bayani ba, a zo a ga aikin ɗalibin tukuna. Dattawa uku suka zo rumfar. Mutari ya fito musu da fartanyarsa ta farko da alfahari, wadda ya yi wata huɗu yana fama da ita. Suka karɓa, suka juya ta, suka miƙa wa juna. Gefe ɗaya kauri, gefe ɗaya kamar takarda. Babbansu ya danne dariya ya ce, "Ilu, ci gaba da koya masa. Wannan ba zai raba kowa da abincinsa ba." Mutari ya ɗauki maganar a matsayin izini, har ya raba goro.

A haka muka shekara biyu, Litinin da Laraba da Asabar. Ya ɗan gyaru, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya daina rufe ido. Ya iya ƙusa, ya iya ƙugiyar rataye kaya, ya iya wasa wuƙa da magagari. Sai ya fara jin kansa, a nan kuma abin ya ɓaci.

Akwai wani tsohon ɗalibinsa, Sale, mutumin Icirnawa, magidanci mai noman rake a korama. Ya zo gaishe shi ya tarar da shi a maƙera, sai Mutari ya yi masa alkawarin adda ta sarar rake, aikin hannunsa. Ya samo resor na tsohuwar mota, wanda mutanen Najeriya ke kira sifirin, ya yi sati uku yana dakansa har ya yi kamar adda. Saura a ba ta ruwa, wato a gasa ta a tsoma bakinta a ruwa don ya yi tauri. Wannan shi ne wurin da ya fi wuya a ƙira, kuma Ilu bai taɓa barin sa ya yi shi kaɗai ba. Ranar Ilu ya tafi cin kasuwa da laujuna. Mutari ya ce ya kalla sau ɗari, ya rubuta komai a kaye, ba sai an jira ba.

Ina zaune ina zugawa na ga ya bar addar a wuta har ta wuce ja ta fara haske. Na ga ya fitar da ita ya tsunduma ta gaba ɗaya cikin ruwan sanyi. Na ga bai mayar da ita kusa da wuta ba don taurin ya ɗan sassauta. Na san abin da hakan ke nufi. Tun ina ɗan shekara bakwai na sani, daga bakin Baba, cewa ƙarfen da aka yi wa haka yana tsinkewa kamar kwalba. Ban ce komai ba. Na daɗe ina tambayar kaina dalili, kuma amsar ba ta da daɗin ji. Shekara biyu ina nuna wa kowa cewa rakiya kawai na yi, ban san komai a wannan aiki ba. In na buɗe baki na gyara masa, na amsa ke nan cewa ni maƙeri ne.

Kwana uku da kai wa Sale addar, ta tsinke a gindin rake. Guntun ya tashi ya yanke shi a ƙwauri, yanka mai zurfi. A amalanke aka fito da shi daga gona zuwa likita, wato asibiti, aka yi masa ɗinki. Lokacin sara ne, ya kwanta wata guda, 'yan uwa suka kama masa abin da za su iya, sauran raken ya bushe a tsaye. Mutari ya yi ta zirga-zirga zuwa Icirnawa yana duba shi. Sale bai taɓa cewa komai ba sai "Ƙaddara ce, Mushe," wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Ilu ya karɓi guntayen addar ya duba inda ta karye. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mushe, duk abin da ya fita daga rumfar nan da sunan ubanmu yake fita. Ba wanda zai ce addar malamin lakwal ce, za a ce addar gidan Ilu ce. Ka huta haka nan." Mutari ya tattara kayensa ya fita, ko musu bai yi ba, shi da ke musu da liman a kan lokacin sahur.

Zan faɗi gaskiya, na yi murna. Na koma tabarmata da shayina. Amma sai Mutari ya daina fitowa. In na je gidansa in tarar da shi a zaure yana kallon bango, rediyo a kashe. Na kawo maganar siyasa, wadda da ita kaɗai takan sa ya yi awa biyu yana surutu, ya ce, "Haka ne." Hajiya Rabi, wadda ta shimfiɗa mini ƙonannun riguna, ta tare ni a ƙofa ta ce, "Malam Isufu, don Allah ka roƙi yayanka ya mayar da shi. Gara ya ƙona rigunan." Na ce a raina, wannan gida ba za su bar ni in huta ba ko ta wace fuska.

Na je rumfar da la'asar, Ilu yana saka wa gatari ƙota. Na zauna na daɗe ina kame-kame. Daga ƙarshe na ce, "Yaya, laifin ba na Mutari ba ne shi kaɗai. Ina wurin. Na ga lokacin da ya tsoma ta."

Ya ajiye gatarin. "Ka gani?"

"Na gani."

"Ka kuma san abin da zai faru?"

Na ce na sani.

Sannan ya ce, "Shi bai sani ba, ya yi. Kai ka sani, ka yi shiru. Ka gwammace ƙafar bawan Allah ta tafi da a ce kai ɗan Baba ne." Ya ci gaba, "Kana tsammanin fentinka ne ya ɓata mini rai? Ranar da nake tono maƙerar Kaka, kana tsaye a ƙofar gidanka, hannu a aljihu. Ni kaɗai na ɗaga ta. Ko ka ce, Yaya kawo in kama maka."

Ina da jikoki a lokacin, amma na sunkuyar da kai na yi hawaye a gaban yayana, na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun tuni, jira kawai yake in tambaya. Sai ya kafa sabon sharaɗi. Mutari zai dawo, amma Sale yana buƙatar adda, kuma ni zan ƙera ta da hannuna, Mutari ya zuga mini.

Rabona da guduma tun ina yaro da nake taya Baba lokacin hutu. Na ɗauka da niyyar in ji kunya a gama. Amma da na fitar da ƙarfen na ɗora, dukan farko ya sauka inda na nufa, na biyu ma haka. Hannuna ya riƙa juya awartaki da kansa kafin in yi tunani. Ƙarar ma ta bambanta, har mai shagon da ke kusa ya leƙo. Cikin kwana biyu addar ta fito, na ba ta ruwa Ilu yana tsaye. Ya gwada ta a kan icen ƙirya, ya duba bakinta, ya miƙa wa Mutari. Mutari ya juya ta, ya kalle ni, ya ce, "Kai mugu ne, Isufu. Shekara biyu ina wahala a gabanka, ashe abin yana hannunka kana zaune a kansa." Yana faɗa yana dariya, idonsa ya kawo ruwa. Daga ranar ya sami sabon abin damuna da shi. Duk wanda ya shigo rumfar sai ya nuna ni ya ce, "Kun ga wannan? Ma'aikacin gidan waya ne wai."

Mun ƙara shekara uku tare a rumfar. A ta ƙarshe tansiyo, wato hawan jini, ta kama shi, lokotoro mai duba shi ya hana shi zama kusa da wuta da ɗaga abu mai nauyi. Ya bi rabin maganar, ya bar guduma, amma bai bar zuwa ba. Yakan zauna a bakin rumfa yana juya ƙafar keken nan a hankali, yana gaya mini inda na yi kuskure, shi da bai taɓa ƙera fartanya madaidaiciya ba. Bayan damina ya faɗi a gidansa da safe yana shirin fitowa, kwana biyu a likita Allah ya karɓi abinsa.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kwanakin baya 'yarsa ta kawo mini waya ta nuna mini Turawa, wasu likitoci, wasu ma'aikatan banki, sun kafa maƙera a bayan gidajensu suna ƙera wuƙaƙe ranar hutu, mutane kuma suna ta kallo suna yabo. Na gode wa Allah da Mutari bai kai ga ganin wannan ba, don da ba mu sake jin kunnenmu ba. Da ya bi gida gida, ya fara da gidan yayarsa a Kurni, yana nuna musu cewa shi ya riga duniya. Kuma na tabbata da ya sa an ɗauke shi a waya shi ma, da ƙonanniyar riga, yana koya wa jama'a abin da bai iya ba.

Akwai kuma abubuwan da za su ɓata masa rai, su nake so ya gani don ya taya ni faɗa. Kasuwa ta cika da fartanyoyin kanti masu sheƙi, waɗanda ke lanƙwashewa a damina ɗaya, manomi ya saya don sauƙi, sannan ya kawo mini in gyara abin da ba ya gyaruwa. Gawayin ƙirya sai an sa a nemo daga nesa, don itatuwan sun yi ƙaranci, abin da ake kawowa yanzu rabinsa toka ne. Matasa suna tsayawa a bakin rumfa su ɗauki hotona ba sallama, su wuce. Ba wanda ke toshe hanci kuma, wannan gaskiya ne, amma ba wanda ke zama ya tambayi me ya sa. Ban taɓa tsammanin zan yi kewar wannan tambayar ba.

Mai karatu zai lura na ce rumfa, na ce ana kawo mini gyara. To, nan ne babban abin da Mutari ya yi mini. Yaya Ilu ya rasu shekara uku bayan shi. Babban ɗansa ya buɗe wurin walda a bakin titi, ƙofofi da tagogi yake yi. Ƙaramin yana tafiya cin rani Kano, sai damina yake dawowa. Bayan sadakar arba'in aka rasa wanda zai buɗe rumfar. Na ce zan riƙa zuwa na ɗan lokaci, in ƙarasa ayyukan da Ilu ya karɓa bai gama ba. Shekara shida ke nan ina ƙarasawa. In damina ta gabato manoman Yauri da Icirnawa sukan yi layi da fartanyoyinsu da garemaninsu, mata su kawo wuƙaƙe, mahauta su kawo nasu. Ni da na yi karatu don kada in zama maƙeri, yau in baƙo ya shigo Matameye ya tambayi Isufu na gidan waya ba wanda zai gane. Sai ya ce Isufu Maƙeri.

Bara mutum biyu suka zo, ɗaya tsohon ma'aikacin likita, ɗaya direba da ya ajiye tuƙi, wai sun ji labarin Mushe, su ma suna sha'awa. Na so in kore su, bakina ya ƙi. Na ce su sa tsofaffin kaya, su fara da gawayi, kada wanda ya taɓa guduma sai ya san launin wuta, kuma ba abin da zai fita daga rumfar nan zuwa hannun wani sai na gwada shi da kaina. Direban ya gudu bayan sati uku. Ɗayan yana nan, yana ɓata mini rodi.

In za a auna abin da Mutari ya bari a ƙira, ba shi da yawa. Ba gonar da ake nomawa da fartanyarsa, ba gidan da ake yanka nama da wuƙarsa. Ɗalibansa na lakwal su ne aikinsa na gaske, suna nan ko'ina, su za su fi ni iya ba da wannan shaida. Abin da ni zan iya shaida a kai guda ne. Lokacin da ciwon ajali ya kama Yaya Ilu, ni ya aika a kira. A cinyata ya cika, ni na yi masa wanka, ni na shiga kabari na karɓe shi, ba wani abu a zuciyarsa game da ni, ba wani abu a tawa. Da Mutari mutum ne mai jin shawara, da ya yi kiwon tantabaru kamar yadda na ce masa, da a bakin ƙofa zan tsaya ranar, cikin baƙi, ana yi mini ta'aziyyar mutumin da na daina sani.

Allah ya jiƙan Mutari, ya jiƙan Ilu, ya haskaka makwancinsu, ya sa in na je su karɓe ni da fara'a. Na yafe wa Mutari ƙarar da ya cika mini kai da ita, da faɗan Hajiya da na sha a madadinsa, da tsufan hutu da ya raba ni da shi. Ciwon bayan nan da ke tashina kowace safiya ne kawai ban gama yanke shawara a kansa ba.